Asirin Maɗaurai Huɗu a Bayan Lasifika

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, abin da na zaɓa in yi bayani a kansa bana shi ne waɗansu 'yan ƙarafa da ke bayan akwatin lasifika, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa kula da su ba. Ga dalilin da ya sa na zaɓe su.

A hutun ƙarshen zango na biyu, kawuna ya sayo manyan lasifikoki biyu na gwanjo tare da amfilifaya guda, don sauraron kiɗa da labarai a falonsa. Da aka zo haɗawa, sai aka ga kowace lasifika tana da maɗaurin waya huɗu a baya, biyu ja, biyu baƙi, maimakon biyun da muka saba gani. Ga kuma waɗansu 'yan ƙarafa masu ruwan zinariya, ɗaya ya haɗa ja na sama da ja na ƙasa, ɗaya kuma ya haɗa baƙi da baƙi, kamar 'yan gadoji. Mai kantin ya riga ya gaya wa Kawu wai waɗannan gadoji su ke danne sauti. In yana so ya ji daɗin kayansa sosai, sai ya cire su, ya sayi waya ta biyu mai tsada, in kuma da hali ya ƙara da amfilifaya. Kuɗin wayar kaɗai ya kusa kuɗin makarantar ɗansa na zango guda.

Kawu ya dube ni ya ce, "To, ɗana, kai ne mai karatun kimiyya. In saya ko in bari?" Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri zuwa wani hutun." Gaskiyar magana ban sani ba, kunya kuwa ta kama ni. Da muka komo makaranta sai na tasa malaminmu na kimiyya gaba da tambayoyi, na kuma riƙa shiga laburare bayan karatun yamma. Abin da na samo shi zan baje muku a nan, don na tabbata ba Kawu kaɗai aka taɓa yi wa irin wannan talla ba.

YADDA LASIFIKA KE AIKI

Da farko sai mu san abin da a ke kira sauti. Sauti karkarwar iska ce. In an bugi ganga, fatarta takan yi rawa gaba da baya, ta tura iska, iskar ta zo ta taɓa dodon kunne. Ana auna yawan wannan karkarwa a cikin daƙiƙa guda da ma'aunin da a ke kira hez, wanda aka sa wa sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga wajen hez 20 har zuwa hez 20,000. Sauti mai kauri, irin rugugin tambari ko na hadari, hez ɗinsa kaɗan ne. Siririn sauti kuwa, irin na caki ko ƙarshen amon kuge, ko "s" da "sh" na cikin maganarmu, hez ɗinsa dubbai ne.

Lasifikar da mu ke amfani da ita yau, injiniyoyi biyu ne na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinta a 1925. A cikinta akwai maganaɗisu, da kwayil na siririn jan ƙarfe, da mazurari na takarda ko roba wanda aka manna wa kwayil ɗin. In wutar da amfilifaya ta aiko ta bi ta cikin kwayil, sai ya riƙa motsi gaba da baya a bakin maganaɗisun, mazurarin ya bi shi, iska ta yi karkarwa, mu ji sauti.

To, ga inda wuyar ta ke. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska. Saboda haka igiyar sautin hez 50 tsawonta ya kusa mita 7, amma ta hez 10,000 ba ta kai santimita uku da rabi ba. Don a fitar da mai kauri, dole a sami mazurari mai faɗi wanda zai ture iska da yawa. Don a fitar da siriri kuwa, sai ɗan ƙarami marar nauyi wanda zai iya kai da komowa sau dubu goma a daƙiƙa. Mazurari guda ba ya iya yin aikin nan biyu da kyau. Shi ya sa aka raba musu aiki, tun cikin shekarun 1930 a gidajen silima na Amurka. Babbar ana ce mata wufa, ƙaramar kuwa tuwita. Turawa sun samo sunayen nan ne daga haushin kare da kukan tsuntsu.

RARIYAR SAUTI

Amfilifaya ba ta san wufa ba, ba ta san tuwita ba. Dukan sauti ta ke aikowa a cakuɗe. In wutar sauti mai kauri ta shiga tuwita kai tsaye da ƙarfi, nan da nan kwayil ɗinta zai ƙone, gama siriri ne kamar gashi. Don haka a cikin kowane akwati akwai wani ɗan allo da masu gyara ke kira kurosoba. Ni dai zan kira shi rariya, don aikinsa ke nan: tankaɗe.

Abubuwa biyu ne ginshiƙin rariyar nan. Na farko kafasita, wadda ke barin siririn sauti ya wuce, ta tare mai kauri. Ita a kan sa a gaban tuwita. Na biyu wani babban kwayil ne, wanda ke barin mai kauri ya wuce, ya tare siriri. Shi a kan sa a gaban wufa. Ashe ke nan rariya biyu ce, ta sama da ta ƙasa. A yawancin lasifikoki masu bakuna biyu, iyakar da ke tsakaninsu tana wajen hez 2,000 zuwa 3,000.

Yanzu asirin maɗaurai huɗu ya fito. A lasifika mai maɗaurai biyu, an haɗa bakin rariyoyin nan a can cikin akwati, inda ba ma gani. A mai huɗu kuwa, an fito da bakin kowace rariya waje: biyu na sama na tuwita ne, biyu na ƙasa na wufa. 'Yan gadojin nan su ke yin haɗin da aka bari ba a yi a ciki ba. In ka cire su ka ɗaura waya a ƙasa kaɗai, za ka ji kiɗa ya dushe kamar an rufe shi da bargo, don tuwita ba ta samun kome.

TAGWAYEN WAYA

Hanya ta farko da mai kanti ya gaya wa Kawu, a takardun da ke zuwa da kayan ana rubuta ta da Turanci bi-wiring, watau tagwayen waya. Ga yadda a ke yi. A cire gadoji. A jawo waya ɗaya daga amfilifaya zuwa maɗauran sama, a jawo ta biyu zuwa na ƙasa. Amma a can bayan amfilifaya, duka biyun a wuri guda a ke ɗaura su. Ku lura da wannan da kyau. Haɗin da gadoji ke yi bai tafi ko'ina ba. An ɗauke shi ne kawai daga bayan lasifika, aka mai da shi bayan amfilifaya.

Masu son wannan hanya suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce tun da kafasita tana tare mai kauri, to wutar siririn sauti ce kaɗai za ta gudana a wayar sama, ta mai kauri kuma a wayar ƙasa. Wannan gaskiya ne. Sa'an nan suka ce rabuwar nan tana hana ƙaƙƙarfar wutar wufa ta gurɓata 'yar ƙaramar wutar tuwita. A nan ne masana lantarki suka ce a dakata. Wayar jan ƙarfe ba ta dama sauti da sauti kamar fura da nono. Kowane yana wucewa ta cikinta kamar ɗayan ba ya nan. Haka iskar ɗaki ke ɗauko mana amon ganga da na sarewa a lokaci guda, mu kuwa mu ji kowanne daban. Ban da haka, sautin nan a haɗe ya fito daga faifai ko wayar hannu, a haɗe ya ratsa amfilifaya tun daga baki har ƙarshe.

Abu guda da waya ke iya yi wa sauti a ɗan gajeren zango irin na falo shi ne ta ɗan rage masa ƙarfi saboda turjiyarta. Ana auna turjiya da om, sunan wani Bajamushen kuma, Georg Ohm, wanda ya buga dokarsa a 1827. Malaminmu ya sa na yi lissafin da kaina a allo. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da turjiyar wajen om 0.007 a kowace mita. In tsakanin amfilifaya da lasifika mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, turjiya ta zama wajen om 0.04. Lasifikar Kawu kuwa an rubuta mata om 8. Watau turjiyar waya kashi ɗaya ce cikin ɗari biyu na ta lasifika. In an mai da wannan zuwa ma'aunin ƙarar sauti, wanda a ke kira desibel, hasarar wajen desibel 0.04 ce kawai. Yawancin mutane kuwa sai bambanci ya kai wajen desibel 1 kafin su farga da shi. To, in dukan laifin waya bai wuce wannan ba, me waya ta biyu za ta gyara wanda kunne zai ji? Na'urar awo tana iya ganin ɗan bambanci a daidai iyakar rariyoyin biyu, amma ƙanƙane ne ƙwarai.

Ga wani abin mamaki kuma. Mutum zai zaci waya biyu ta rage turjiya da rabi. A tagwayen waya ba haka ba ne, don har yanzu wufa waya guda ta ke da ita, tuwita ma guda. In rage turjiya a ke so, sai a bar gadoji a wurinsu a sa waya mai kauri, shi ke nan. Akwai ƙa'idar da masu aikin suka daɗe suna bi, cewa kada turjiyar waya ta wuce kashi biyar cikin ɗari na ta lasifika. Ga mai om 8, om 0.4 ke nan, ninki goma na abin da muka lissafa. Shi ya sa masu barkwanci cikin Turawa kan yi wa wannan hanya ba'a, don a bakinsu kalmar bi da kalmar buy, watau saya, lafazinsu ɗaya ne. Suka ce sunanta na gaskiya "sayi waya".

Duk da haka akwai mutane masu gaskiya da kan ce sun ji sautinsu ya gyaru bayan sun yi tagwayen waya. Ba lalle ba ne ƙarya su ke yi. Wataƙila gadojinsu sun yi tsatsa ko sun yi sako-sako, cire su ya kawar da matsalar. Wataƙila tsohuwar wayarsu siririya ce ƙwarai kuma doguwa. Wataƙila kuma zuciya ce, don wanda ya kashe kuɗi mai yawa yakan saurara da kunnen mai son ya ji gyara. Zan komo kan wannan a gaba.

TAGWAYEN AMFILIFAYA, IRI NA FARKO

Hanya ta biyu ita ce bi-amping, watau tagwayen amfilifaya. Iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai rata mai yawa, ko da ya ke masu talla ba su cika bambanta su ba.

A iri na farko ana barin rariyoyin cikin akwati yadda su ke. A cire gadoji, a ba tuwita amfilifayarta, a ba wufa tata. Tun da lasifika biyu ce, hagu da dama, ana bukatar layin amfilifaya huɗu. Waɗansu kan ba amfilifaya ɗaya wufa biyu, ɗayar kuma tuwita biyu. Waɗansu kuwa kan ba kowane akwati amfilifayarsa, layi ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Da yawa daga manyan amfilifayoyin kallon fim masu layi bakwai suna da wurin da za ka umarce su su juya layuka biyu na baya su yi wannan aiki.

A nan akwai kashedi babba, ina roƙon kowa ya riƙe shi. Kada a kuskura a haɗa amfilifaya biyu a lasifika guda alhali gadoji suna nan. In an yi haka, an haɗa bakin amfilifayoyin biyu ke nan kai tsaye, kowace tana tura wa 'yar'uwarta wuta. In an yi sa'a su kashe kansu, in ba a yi ba su ƙone. Kashedi na biyu, dole amfilifayoyin su kasance masu ƙara sauti daidai wa daida. In ta sama ta fi ƙarawa, kiɗa zai yi tsini ya riƙa sukar kunne. In ta ƙasa ce, ya yi gumi-gumi kamar daga cikin tulu.

To, mene ne riba? Mai kanti ya ce wa Kawu wai wat 50 da wat 50 sun zama wat 100. Wannan lissafin kasuwa ne, ba na lantarki ba. Kowace amfilifaya tana da iyakar ƙarfin turin wuta da za ta iya bayarwa, wanda a ke aunawa da bolt. Mai wat 50 a kan om 8, ƙololuwarta wajen bolt 28 ce. In kiɗa ya nemi fiye da haka, sai ta datse kan igiyar sautin, a ji shi yana tsatsagewa. Mu ɗauki wannan iyaka kamar rufin ɗaki. A iri na farko, dukan amfilifayoyin biyu sauti ɗaya a ke ba su, cikakke, don rariya tana can gaba. Saboda haka lokaci guda za su bugi rufi. Wanda tsawonsa ya fi ƙarfin ɗaki, in ka gina masa ɗaki na biyu mai rufi daidai da na farko, bai sami wurin miƙewa ba.

Ba a ce babu riba ko kaɗan ba. Amfilifayar tuwita takan huta, don ba a jan wuta mai yawa daga gare ta, wannan kuwa yana iya ɗan taimakawa in amfilifayar farko mai rauni ce. Amma ribar ba ta kai kuɗin ba. Ko da ma a ce ƙarfin ya ninka da gaske, daga wat 50 zuwa 100 ƙarin desibel 3 ne kawai. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Ga kuma shan wuta, wanda duk mai amfani da janareta ko batirin sola ya san ba abin wasa ba ne.

TAGWAYEN AMFILIFAYA, IRI NA BIYU

Iri na biyu shi ne na gaske. A nan ana ɗauke rariya daga bayan amfilifaya, a kawo ta gaba. Wata na'ura ce ke raba sautin tun yana ɗan ƙarami, kafin a ƙara masa ƙarfi. Mai kauri ya tafi amfilifaya ɗaya, siriri ya tafi ɗayar. Sa'an nan kowace amfilifaya a haɗa ta kai tsaye da mazurarinta, ba kafasita ba kwayil a tsakani.

Bari mu koma ga misalin rufin ɗaki. A ce a wani lokaci cikin kiɗa, bugun ganga yana bukatar bolt 20, siririn sauti kuma yana bukatar bolt 10. A amfilifaya guda, siririn yana hawa ne a kan mai kaurin, kamar yaro a kan kafaɗar babansa. Dole rufi ya kai bolt 30. A kan om 8, ana samun wat ne in an ninka ƙololuwar bolt da kanta, a raba da 16. Saboda haka bolt 30 na bukatar amfilifaya mai wat 56. Amma in an sauke yaron aka ba shi ɗakinsa, uban wat 25 ya ishe shi, yaron kuma wajen wat 6. Jimla wat 31 sun yi aikin wat 56. Wannan riba ce da lissafi ya tabbatar.

Akwai waɗansu ribobin. Wutar da kan ɓace ta zama zafi a cikin rariyar akwati yanzu ta tsira. Amfilifaya tana riƙe da mazurari sosai, don babu kome a tsakaninsu. Kuma in amfilifayar wufa ta bugi rufi ta tsatsage, tsatsagewar ba ta isa ga tuwita. Wannan muhimmi ne, gama sautin da aka datse kansa yana haifar da siraran ƙararraki masu ƙarfi, waɗanda kan taimaka wajen ƙona tuwita. A 1976 wani injiniya mai suna Siegfried Linkwitz ya buga bayanin wata irin rariya da suka tsara da abokin aikinsa Russ Riley, su biyun ma'aikatan kamfanin Hewlett-Packard ne. Har yau ana kiranta da sunayensu, kuma tana cikin waɗanda aka fi amfani da su a wannan tsari.

Wannan hanya ce masu sana'ar sauti ke bi. Kamfanin Genelec na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1978, ya yi suna ne da lasifikokin ɗakin ɗaukar sauti masu amfilifayoyinsu a cikin akwati, kowane mazurari da tasa. Masu kafa kayan sauti a manyan taruka su ma haka su ke yi, manyan akwatunan ƙasa da amfilifayarsu, na sama da tasu. Kai, har a gidajenmu akwai ɗan'uwan wannan tsari. Duk mai kayan kallon fim da ke da akwatin wufa mai amfilifayarsa daban, wanda a kan ba shi sautin da ke ƙasa da wajen hez 80, ya riga ya shiga wannan hanya bai sani ba.

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya je ya buɗe akwatin babansa ya tsinke rariya. Rariyar cikin akwati ba rabo kaɗai ta ke yi ba. Tana daidaita ƙarar tuwita da ta wufa, tana kuma gyara waɗansu lahanin mazuraran, yadda masu ƙirar suka auna. In an cire ta, sai an sake duk wannan aiki da na'urorin awo. Sa'an nan tuwita ta zama ba ta da mai tsaro. Kuskure guda wajen haɗa waya, ko ɗan "dum" ɗin nan da waɗansu amfilifayoyi kan yi in an kunna su, ya isa ya kashe ta. Wanda ke son wannan tsari, abin da ya fi masa shi ne ya sayi lasifikar da aka ƙera haka tun asali.

GWAJIN DA MUKA YI

Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Amma gwajin kunne yana da sharaɗi: kada mai sauraro ya san abin da aka haɗa. Da hutu ya zo, na je wa Kawu da bayanina. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Na ji lissafinka, ɗana, amma kunnena na fi yarda da shi." Na ce, "Kawu, to a bar kunnen ya yi hukunci."

Muka aro waya ta biyu wajen wani maƙwabci mai gyaran rediyo. Kawu ya zauna ya ba kayan baya. Ɗansa ya riƙa jefa kwabo. In kai ya fito, in haɗa waya ɗaya da gadoji, in ɗaya gefen ne, in yi tagwaye. Kowane karo ina kashe amfilifaya kafin in taɓa waya, ba na taɓa maɓallin ƙara, kuma ina ɗaukar lokaci daidai don kada jinkiri ya tona asiri. Waƙa ɗaya muka riƙa sawa, har sau goma. Na riga na gaya masa cewa mai cinta kawai yakan dace wajen sau biyar, amma dacewa sau tara ko goma da cinta, sau 11 ne kawai cikin 1,024, watau wajen ɗaya cikin ɗari. Kawu ya dace sau shida. Ya yi dariya ya ce tun daga karo na huɗu ya san cinta ya ke yi.

Gwajin gida guda ba ya zama hukunci a kan dukan kayan duniya, amma ya isa ya amsa tambayar Kawu game da nasa kayan da nasa kunnen. Bayan haka muka jawo lasifikokin daga lungun bango, inda su ke ta gumi, muka matso da su gaba kamar taku biyu. Muka daidaita nisansu da kujerarsa, muka sa tuwita ta yi daidai da tsayin kunnen mai zama, muka shimfiɗa darduma a kan siminti. Wannan karon ba a bukaci kwabo ba, har Inna daga tsakar gida ta tambaya ko an sake sabon kaya ne.

SHAWARATA

Ga wanda ya sami lasifika mai maɗaurai huɗu, ga abin da zan ce. Ka bar gadoji a wurinsu, ka goge su, ka ɗaure su tam. In sun ɓace, ɗan guntun wayar lasifika ya isa ya maye gurbinsu. Ka sayi wayar jan ƙarfe ta gaske mai kauri daidai, kada ta yi tsawon da ba a bukata. Ka tabbata ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a dukan lasifikokin biyu, don in ɗaya ta juye, mazurari ɗaya zai riƙa turawa sa'ad da ɗayan ke ja, kaurin sauti ya zube. Kada silin waya ko ɗaya ya taɓa maɗaurin da ba nasa ba. Kullum a kashe wuta kafin a taɓa haɗi. In kana da waya ta biyu a ajiye kana son gwada tagwaye, babu laifi, ba ta ɓata kome in an haɗa daidai. In kuwa ƙarfi ne bai ishe ka ba, amfilifaya guda mai ƙarfi sosai ta fi biyu ƙanana.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, dokar Ohm da mu ke haddacewa don jarrabawa, ita ce ta hana a raba Kawu da kuɗinsa. Wayar dai ba a saya ba, an mayar wa maƙwabci tasa da godiya, ɗan Kawu kuwa an biya masa kuɗin zango tun kafin a koma. Ina fata iyayenmu za su riƙa jarraba mu da irin waɗannan tambayoyi in mun zo hutu, mu kuma in ba mu sani ba mu ce ba mu sani ba, mu komo mu bincika. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Daga wani ɗalibin babban aji biyu, sashen kimiyya.